Amanar Baƙi a Zauren Baba

Baƙin sun iso garinmu bayan kaka, in har za a kira abin da muka gani a shekarar nan kaka. Gero ya fitar da kai ya tsaya, dawa kuwa ko kan ba ta fitar ba. Motarsu doguwa ce mai rufin tamfol, ta biyo hanyar jakuna daga wajen Turba ta tsaya a ƙofar mai gari. Mai gari bai ɓata lokaci ba ya ce a kai su gidan Baba, don kowa ya san Baba da saukar baƙi. Tun kafin a haife ni, fatake masu zuwa Maraɗi a zaurenmu suke kwana. Sukan bar kayansu wata da watanni, su dawo su tarar ko igiyar ɗaurin ba a taɓa ba. Fataucin ya daɗe da mutuwa, amma zauren yana nan, mai zauren kuma bai canza hali ba.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarama "ke" nake. Da na gama makarantar horon malamai aka turo ni koyarwa a firamaren garinmu, sai na koma "Malama", yana faɗa yana wani ɗan murmushi kamar bai gama yarda ba. A lokacin nan aurena ya riga ya mutu, ina zaune gida. Ban da hedimasta, wanda rabin mako yana garin Isa wajen iyalinsa, ni kaɗai ke jin Turanci a garin. Sai aka ce in zauna a bakin ƙofar zaure ta ciki in riƙa fassara.

Su uku ne. Akwai Bature dogo wanda rana ta riga ta dafa masa wuya, ƙasarsu ce ta ba da dukiyar aikin. Akwai wani baƙin mutum mai kwat, Faransanci ya fi zama a bakinsa, shi daga banki yake. Na ukun injiniya ne Bayarabe, gajere mai fara'a, yana jin Hausar kasuwa. Yana ganin zanen Gobir a fuskar Baba ya tafa hannu ya ce ashe gidan bawansa aka sauke shi. Baba ya ce a kawo wa bawan gidan nan ruwa kafin ya suma, don Bayarabe ba ya jure rana. Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗaya. Kafin magariba sun zama kamar waɗanda suka tashi gida ɗaya.

Rijiyar burtsatse suka zo haƙa mana. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne bankin. Mu bankin da muka sani gini ne a Sakkwato inda manyan 'yan kasuwa ke ajiya, ba mu taɓa jin banki ya haƙa rijiya ba. Na yi ta fama da bayani. Na ce wata ƙasa ce mai sanyi can Turai ta ware dukiya don taimaka wa inda fari ya kama, amma ba ta san mu ba, ba ta san hanyar garinmu ba. Shi ne ta damƙa wa wani babban banki na ƙasashen Afirka, wanda aikinsa ke nan raya ƙasa, shi kuma ya shirya da gwamnati. Baba ya saurara har na gama, ya ce to, dillali ne ke nan, me ya sa ban faɗa tun farko ba.

Sun kafa wani allo a bakin hanya, da Turanci a sama da Hausa a ƙasa, an rubuta cewa aikin haɗin gwiwa ne tsakanin ƙasar da bankin. Na karanta wa Baba. Ya ce shi dai ya san mutum gwiwa biyu gare shi, ga ƙasa ɗaya ga banki ɗaya sun cika, to tamu ina za ta shiga? Bayaraben ya ce Gobirawa ai ba su da gwiwa, su ne ƙasar da za a durƙusa a kai. Baba ya ɗaga sanda, shi kuma ya ɓuya bayan Bature, wanda bai san abin da ake wa dariya ba amma ya taya mu.

Sun yi 'yan kwanaki suna jan wayoyi a ƙasa suna aune-aune, daga ƙarshe suka kafa turken ƙarfe kusa da gawon da ke bayan makaranta. Suka ce injin haƙa yana wani gari, in ya gama zai zo, kafin zafi ya shigo. Ran da za su tafi suka sauke dogayen bututun ƙarfe da wani akwatin katako mai nauyi, wanda kan famfon yake ciki, suka jera a zaurenmu. Ina tsaye na ji abin da Baturen ya ce. Cewa ya yi a gaya wa tsohon ya ɗan riƙa duba kayan. Kafin in buɗe baki Bayaraben ya riga ni, ya kama hannun Baba a gaban mai gari da liman da duk wanda ya zo sallama.

"Baba, ga amana. Sai mun dawo."

Yana faɗa yana dariya, don a Hausarsa kalma ce kamar kowace. Baba bai yi dariya ba. Ya ɗora hannunsa a kan akwatin ya ce, "Na karɓa."

Zafi ya shigo injin bai zo ba. Damina ta zo, aka yi ruwa muka shuka, shuka ta fito ta ƙone, muka sake shukawa da ɗan irin da ya rage, shi ma ya bi ta. Daga nan hadari yakan taso daga gabas ya yi baƙi, mu fito da ƙore da tukwane, iska ta kwashe shi ta yi gaba. Rijiyar garin ta koma taɓo. Sai mun je gulbi mun tona yashi mun jira ruwa ya tsatso, kuma kullum ramin ƙara zurfi yake.

Fulani ne suka fara tashi. Maƙwabtanmu ne na shekara da shekaru, suna noma kamar mu, Hausarsu kamar tamu, amma shanu ba sa jiran alkawari. Suka kora abin da ya rage suka yi kudu. Sai samari suka tafi cin rani tun lokacinsa bai yi ba. Sai magidanta suka fara kwashe iyali, yau gida ɗaya gobe biyu, a toshe ƙofa da ƙaya a tafi. A ajina kullum sai na tarar da sabon gurbi a kan benci. Wata safiya na je na buga ƙararrawa da kaina, na tsaya har hantsi, ba yaron da ya zo.

Kawu, wan Inna, yana wajen Mafara inda ake noman rani. Ya aiko cewa mu taho gaba ɗaya, akwai ɗaki, akwai ruwa, ba za a rasa abin sa wa a baki ba. Inna ta ɗaure kaya, ƙannena suna ta murna za su shiga mota. Baba ya ce su tafi, Allah ya kiyaye hanya, shi zai biyo baya da zarar masu kaya sun zo sun karɓi kayansu. Inna ba ta yi musu ba, ba ta saba ba. Ta dai tsaya a zaure ta dubi bututun nan tsawon lokaci, sannan ta dube ni. Na ce mata ai ni dole in zauna saboda makaranta. Ita da ni duk mun san babu sauran makaranta. Baba ya tsufa, ƙafarsa ɗaya ba ta kai shi gulbi, in ba wanda ya zauna ƙishirwa za ta kashe shi a kan kayan mutane.

Tun daga ranar aikina ɗaya ne, in raba Baba da zauren nan in kai shi wajen Inna.

Garin ya rage mu huɗu. Ni da Baba, da tsohon ladan wanda idonsa ya tafi, ya ce shi ba inda za shi, da wata tsohuwa Bafulatana da muke kira Goggo, wadda 'ya'yanta suka bar ta da jaki da awaki biyu don ba za ta iya tafiyar ƙasa ba. Mai gari ya koma wajen ɗansa a Sabon Birni, liman ma ya bi jama'arsa. Ladan bai fasa kiran salla ba. Yakan kira, Baba ya ja ƙafa ya je, su yi su biyu.

Ban san kaɗaici ba sai a lokacin. Na tashi a garin da in gari ya waye daka ke tashi daga kowane gida, mata na lugude suna ba juna amsa ta kan danga. Yanzu in na ɗaga taɓarya ƙarata kaɗai nake ji, ta je ta bugi bangon gidan da ba kowa ta dawo. Har na riƙa dakawa a hankali don kada in ji. Abin dakawar ma ba yawa. Garin rogo ne da ɗan hatsin agaji in na samo a Isa, sai 'ya'yan anza da Goggo ta koya mini jiƙawa ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, a shekarar da ruwan ya fi anzar wuya. A hanyar gulbi nakan kama kaina ina yi wa jakin Goggo hira. Na ba shi labarin aurena kaf, abin da ban taɓa gaya wa Inna ba. Bai taɓa ba ni rashin gaskiya ba.

Baba kuwa ya sami sana'a. Kullum da safe sai ya share zaure, ya kakkaɓe bututun ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa cikinsu kada maciji ya shiga. Da ya ga gara ta fara hawa akwatin, ya sa muka ciccibe shi ni da shi da Goggo muka ɗora kan duwatsu, ya zagaye shi da toka. In ya gama ya zauna a ƙofa yana fuskantar hanyar Turba. In iska ta ta da ƙura daga nesa sai ya gyara hula. Ina ganin haka raina ya ɓaci, don ni nake dawowa daga gulbi da wuya a sage, in tarar da kan famfo a zaune cikin akwati a zaurenmu, an share masa wuri kamar ango.

Wata rana na kasa haƙuri. Na sauke tulu na ce masa, Baba, ni fa ina wurin, na ji abin da Baturen ya faɗa da kunnena. Bai ce amana ba. Cewa ya yi a ɗan riƙa dubawa, irin abin da ake gaya wa maƙwabci in za a je kasuwa. Abokin wasanka ne ya ƙara gishiri, shi ma da wasa ya faɗa. Na ce su waɗannan mutane ba fatake ba ne, ba kayansu ba ne, ko sun ɓace ba wanda zai kwana da yunwa a cikinsu.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Malama, ni ba Turanci naj ji ba. Abin da yash shiga kunnena amana ta, kuma gaban mutane nac ce na karɓa. In shi wasa shikai, ni ba wasa nikai ba."

Na ce to mu bar wa ladan. Ya ce makaho zai tsare abin da ba ya gani? Na ce mu toshe zauren da ƙaya kamar yadda kowa ya yi. Ya ce kowa nasa ya toshe. Amana ba a barinta, ba a kuma miƙa ta ga wani sai da yardar mai ita. Hannun da ya bayar shi ne zai karɓa, ko wanda mai hannun ya aiko.

Da na ga haka na ce bari in nemo hannun. Ran kasuwa na bi motar itace zuwa Isa, na yi ta tambaya har aka nuna mini ofishin da ke kula da sha'anin ruwa. Na sami wani dattijo mai kirki, ya ba ni kujera, ya ba ni ruwa mai sanyi na randa, wanda har yau ina tuna daɗinsa. Ya ce aikin ba nasu ba ne, na jiha ne. Jiha kuma ba ta motsi sai banki ya saki hannu. Bankin ba a ƙasar nan yake ba, shi ma jira yake, don wa'adin yarjejeniyarsa da ƙasar Turawan ya ƙare, ana zaman sabuntawa. Na tambaye shi yaushe za a gama zaman. Ya buɗe hannuwa. Na tambaye shi labarin Bayaraben, ya ce an mai da shi wata jiha, bai san wacce ba. Na roƙe shi ya zo da kansa ya ce wa Baba ya karɓa, ko ya aiko wani. Ya ce, 'yata, ni ban ba da ba, yaya zan karɓa? In na taɓa kayan nan gobe ni za a tambaya.

Na fito na zauna a gindin wata bishiya a tasha na yi kuka, ba don an wulaƙanta ni ba, ba wanda ya yi. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda zan yi fushi da shi. Duk wanda na kama sai ya nuna mini na gaba da shi, na gaban kuma yana wata ƙasar da ko sunan babban birninta sai na tuna darasin aji. Da na gaya wa Baba yadda muka yi, cewa ya yi dattijon nan ya san abin da yake yi, mutumin kirki ne.

Zafi ya sake zagayowa, wani ɗan garinmu ya dawo daga Mafara duba gidansa. Ya tsaya a ƙofar zaure ya gaida Baba, ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce Inna ba ta da lafiya, ta kwanta, Kawu ya ce in da hali a zo. Bai ce a yi sauri ba, amma bai dubi idon kowa ba da yake faɗa.

Na durƙusa gaban Baba, abin da rabona da yi tun ranar da aka kai ni ɗakin miji. Na ce mu tafi ko na kwana kaɗan ne, mu dawo. Wa zai saci bututu a garin da ba kowa? Wa ke da ƙarfin ɗauka? Da farko na ɗauka ya yarda. Na ga ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko babbar rigarsa da sandar tafiya. Ya zo zai fita ta zaure, ya tsaya tsakanin akwatin da ƙofa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ninke rigar ya ajiye a kan akwatin ya zauna.

"In na tahi sunka zo fa?" in ji shi. "Ki tahi, Malama. Ki ce mata ina nan tahe."

Goggo ta ce za ta riƙa kawo masa ruwa da jakinta. Na tafi ban yi masa sallama ba, don in na buɗe baki abin da zai fito ba na ɗa da uba ba ne.

Na sami Inna a wani ɗan ɗaki a bayan gidan Kawu, ta rame har na so in kasa gane ta. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa, ba ta tambaya ba. Abin da ta fara cewa shi ne wa na bar wa shi, wa ke ɗebo masa ruwa, yana cin abinci kuwa. Har ta yi mini faɗa da 'yar muryar da ta rage mata, wai don me na baro tsoho shi kaɗai. Na ce mata ba shi kaɗai ba ne, yana tare da bututunsa, su ya zaɓa. Ta ce in rufe bakina. Ta ce haka ta same shi, tun tana amarya in baƙo ya bar kaya ko suna a garin maƙwabta ba ya zuwa, ita kaɗai take tafiya. Ran da jikin ya yi tsanani ta kama hannuna.

"Ki ce mai ban yi hushi ba."

Ta rufe ido, na ɗauka barci ne. Can ta buɗe ta ce, "A'a. Ki ce mai na yi, kaɗan."

Washegari da hantsi ta rasu. Maza suka ɗauke ta suka tafi maƙabarta, mu mata muka zauna a gida kamar yadda aka saba. Ban jira an share makoki ba, na bar ƙannena wajen Kawu na kamo hanya, don ban so Baba ya ji a bakin wani.

Yana zaune a ƙofa yana fuskantar hanya, ya hango ni ni kaɗai da ƙullin kayan Inna a kai. Bai tambaye ni komai ba. Ya yi salati, ya maimaita, ya sunkuyar da kai. Na zauna daga gefe na isar masa da saƙon, duka biyun, yadda ta faɗa. Ya gyaɗa kai a na farko. A na biyu ya juya fuskarsa wajen bango.

Da la'asar ya shiga ya fito da tabarmi, duk na zamanin fatake, waɗanda ke naɗe a saman rumbu shekara da shekaru. Ya shimfiɗa su a ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya har suka kai gindin dalbejiya, ya ajiye butoci, ya zauna zaman makoki. Ladan ya lallaɓo da sandarsa ya yi addu'a ya zauna kusa da shi. Goggo ta shigo ciki ta zauna da ni. Shi ke nan masu ta'aziyyar. Matar da ba a yi haihuwa ko rasuwa a garin nan ba ta je ba, ga tabarmi shimfiɗe saboda ita, iska na naɗe gefensu, Baba na tashi yana dannewa da dutse. Haka ya yi har kwanakin makoki suka cika, kullum da safe ya shimfiɗa, da magariba ya naɗe. Ina leƙensa ta ƙofar zaure, bututun nan na tsakanina da shi. Na tsane su kamar masu rai, na kuma tausaya masa har fushina ya rasa wurin zama.

Damina ta gaba Allah ya kawo ruwa. Mutane suka fara dawowa, ba duka ba, wasu gidajen har yau kufai ne. Aka buɗe makaranta. Da kaka ta wuce sai ga motoci daga wajen Turba, har da injin haƙa, an gama zaman da ake yi an sabunta yarjejeniya. Baba ya sa babbar riga ya fita tarye. Babu Bature, babu mai kwat, babu abokin wasansa. Shugaban aikin wani saurayi ne Bahaushe, mai ladabi, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida Baba. Ba a buƙaci fassarata ba, amma na tsaya a inda na tsaya a wancan karon.

Baba ya kai shi zaure ya yaye tamfol ya ce ga amanarsu. Saurayin ya duba, ya ɗan ƙwanƙwasa bututu ɗaya, ya leƙa akwatin, a fuskarsa na ga bai san da zamansu ba. Ya ce ai waɗannan na tsohon tsari ne. Yanzu an canza irin famfon, sun zo da nasu, waɗannan ba za su shiga ba. Ya ce Baba ya riƙe su kawai, za su yi kyau a rumfa ko a danga. Baba ya tambaye shi wani Bayarabe gajere mai yawan dariya. Ya ce gaskiya bai san shi ba.

"Amma su sunka aiko ka?" in ji Baba.

Ya ce e, aikin dai ɗaya ne.

"To ɗora hannunka nan ka ce ka karɓa."

Saurayin ya fara murmushi, ya dubi fuskar Baba, murmushin ya tsaya. Ya ɗora hannu a kan akwatin ya ce ya karɓa. Baba ya juyo ya ce mini, Malama, kin shaida. Na ce na shaida. Sai ya ce in shirya, gobe za mu Mafara.

Rijiyar an haƙa ta, ruwanta mai daɗi ne, ta raya garinmu, ban taɓa raina ta ba. Amma ran da aka fara haƙa ba ma nan. Muna cikin motar kasuwa, Baba na riƙe da sandarsa tsakanin gwiwoyinsa, karon farko da ya bar garin tun ran da baƙin suka sauka.

A gidan Kawu ko ruwa bai gama sha ba ya ce a kai shi kabarin Inna. Ya dube ni in nuna hanya, na ce masa ni ban sani ba, mata ba su je ba. Kawu ya shige gaba, na bi su har bakin shingen maƙabartar na tsaya. Baba ya cire takalmansa ya miƙo mini. Daga inda nake ina hango su. A shekarar farin an binne mutane da yawa a gefen nan, mafi yawansu baƙi ne daga wajenmu, kuma damina ta bi ta kansu ta daidaita ƙasar, ciyawa ta fito ta bushe. Kawu ya nuna wani wuri, ya matsa gaba ya nuna wani, ya dawo baya, ya tsaya yana shafa gemu. Layin dai ya tabbata wannan ne, in ji shi daga baya, amma wanne ne a ciki, Allah ne ya sani.

Na ga Baba ya koma farkon layin. Ya tsaya a kan na farko ya ɗaga hannu ya yi addu'a ya shafa, ya ja ƙafarsa zuwa na biyu ya yi haka, sannan na uku. Kawu ya gaji ya fito ya sami inuwa. Rana ta take tsaka Baba bai kai rabin layin ba, ga ƙasa da zafi, ga shi ba takalmi. Na zauna a bayan shingen da takalmansa a cinyata ina jiransa.